Wa Ke Auna Ma'aunin? Tiya, Buhu da Sikeli a Kasuwannin Yamai

A Yamai, in aka ce buhun gero, kowa ya san kilo 100 ake nufi. Haka rediyo ke faɗa idan ana karanto farashin mako, haka 'yan kasuwar Katako ke kiransa, haka magidanci ke lissafi idan albashi ya shigo. Ka tambayi tiya nawa ke cikinsa, za a ce maka 40, tunda tiya ɗaya kilo biyu da rabi ce. A baki lissafin ya fita tsaf. Sai dai kaɗan ne cikin masu sayen buhun nan suka taɓa ganin an ɗora shi a kan sikeli, kuma cikin waɗanda suka gani, da wuya a sami wanda ya tambayi yaushe rabon da a duba shi kansa sikelin.

A ce tiyar da aka cika buhun da ita ta gaza da giram 100 kacal, abin da ido ba zai kama ba. Sau 40, kilo 4 ke nan, fiye da tiya ɗaya da rabi, kusan abincin yini guda na gida mai mutum shida. Babbar mota mai buhu 300 kuwa ta iso da giɓin kilo 1,200, wato buhu 12 da aka biya kuɗinsu, aka biya kuɗin dakonsu, amma ba su taɓa hawa motar ba.

Irin wannan asara ba ta da ƙara. Gobarar da ta cinye Babbar Kasuwar Yamai a 1982, da wadda ta tashi Ƙaramar Kasuwa a 2012, kowa ya gan su, an yi jaje, hukuma ta yi magana. Giram ɗarin da ke zubewa a kowane awo ba mai yi wa kowa jaje a kansa, alhali kullum ne, daga Katako zuwa Wadata, daga Dar Salam zuwa Harobanda a hayin kogi. Duk sa'ad da zancen ya taso, maganin da ake kawowa ɗaya ne: a bar tiya a koma kilo. A ganina rabin magani ne. Sikelin da ba a kula da shi ya fi tiya haɗari, domin tiya ana gardama da ita, lambar da ta fito a fuskar sikeli kuwa kashe baki take yi.

Tiya biyu a rumfa ɗaya

Tiya kwano ce kawai, cika take aunawa, ba nauyi ba. Shi ya sa tiyar gero da ta masara da ta wake da ta shinkafa shanshera ba su taɓa zuwa ɗaya a kan sikeli. Ko geron ma, sabon da aka sussuka da ɗanyensa da tsohon da ya shekara a rumbu ba nauyinsu ɗaya ba. Ga kuma bambancin gari da gari: tiyar Maraɗi daban, ta Damagaram daban, ta wasu kasuwannin Doso daban. Ma'aikatan SIMA, hukumar da ke bin farashin kayan gona a kasuwannin Nijar tun ƙarshen shekarun 1980, sun san wannan sarai. Ba su iya rubuta farashin kilo sai sun auna ma'aunin kasuwar da suka shiga, su ga nawa yake ɗauka, sannan su juya lissafin. Farashin da ake karantowa a rediyo, a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan sikeli a jakar wani ma'aikaci, kuma in wannan sikelin ya karkace, alƙaluman ƙasa ne suka karkace.

Hanyoyin tauye tiya tsofaffi ne, yaran kasuwa ma sun san su. A bubbuge gindin kwanon ya shige ciki. A rage bakinsa kaɗan a goge. A zuba da sauri a ɗauke kafin hatsin ya zauna. In kuwa mai kwanon shi ne mai saye, sai abin ya juya: a girgiza, a danna, a yi masa tozo, a kewaye baki da hannu don ya tare abin da zai zube. Mafi muni shi ne mai tiya biyu, babba ta shiga ƙauye da kaka, ƙarama ta zama a rumfa da bazara. Shi ba ya bukatar ya ƙara ko dala ɗaya a kan farashi, ribarsa tana cikin kwano.

Duk da haka tiya tana da wata daraja da bai kamata a raina ba. A gaban idonka ake awo. Tsohuwa na iya cewa, "Haba Alhaji, cika mini mana," shi kuma ya ce, "Inna, ai ta cika har tana zuba," a ja, a sassauta, a ƙare da gyara. Wadda ba ta taɓa shiga aji ba ta san ƙirga arba'in, ta san kuma kwanon da aka taɓa. Har hatsin da OPVN, ofishin abincin ƙasa da aka kafa a 1970, ke sayarwa da rahusa lokacin tsanani, da buhu yake fita daga sito, amma sau da yawa da tiya yake shiga hannun talaka, don ita ce ma'aunin da ya yarda da shi.

Darasin gyaɗa

Ba yau manomin ƙasar nan ya fara haɗuwa da sikeli ba, kuma haɗuwar farko ba ta yi daɗi ba. A zamanin mulkin mallaka, da cinikin gyaɗa ya buɗe a Maraɗi, Tasawa, Magarya da Matamaye, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA da dillalansu su ke da babban sikeli. Manomi ya kawo kayansa a kan jaki, a ɗora, ma'auni ya dubi ƙarfe ya faɗi lamba, magatakarda ya rubuta. Mai gyaɗa bai iya karanta lambar ba, bai san nawa aka cire na buhu ba, bai san ko ƙafar wani tana ƙarƙashin faranti ba. Abin da aka miƙo masa shi ne kuɗinsa. Haka abin ya kasance a ƙetaren iyaka, a Kano, inda gyaɗa ta bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911.

Bayan samun 'yanci, a 1962 gwamnati ta kafa SONARA don sayen gyaɗa, da UNCC don bashi da ƙungiyoyin manoma. Daga tsakiyar shekarun 1960 aka gwada wani abu da ya cancanci a tuna da shi: ƙauyuka suka riƙa zaɓen nasu ma'auna da nasu masu rubutu, azuzuwan yaƙi da jahilci kuma suka riƙa koya wa manya karanta lamba da yin lissafi da Hausa, don mutum ya iya duba abin da sikeli ya nuna da idonsa. Sikelin bai canza ba, ƙarfen jiya ne. Wanda ke karanta shi ne ya canza, kuma wannan ya isa ya sauya yadda manomi ke tsayawa a gabansa. Farin 1973 da 1974, sannan cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, suka durƙusar da cinikin. Yau abin da ya fi saura a bakin mutanen Yamai shi ne sunan benen Sonara a tsakiyar gari.

Ta fuskar addini kuwa babu wani sabon abin da za a faɗa wa ɗan kasuwar Yamai. Sura guda a Alƙur'ani sunanta na masu tauye awo ne, labarin Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana kuma yaro ma ya ji shi a makarantar allo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa tauye mudu cikin miyagun al'adun da ya soka a rubuce-rubucensa, daular Sakkwato kuma ta naɗa muhtasibi mai lura da kasuwa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutumin da in azumi ya zo ƙarshe zai aika a aro masa mudun Annabi na gaskiya don zakkar fidda kai, ba ya yarda ƙwaya ta gaza, amma sikelin da yake ci da iyalinsa da shi wata goma sha biyu bai taɓa tunanin a duba masa shi ba. Ba lalle mugu ba ne. Ya ɗauka cewa tunda shi bai taɓa ƙarfen da nufin cuta ba, ƙarfen yana nan yadda ya saye shi.

Ciwon sikeli

Ba ya nan yadda ya saye shi. Ɗauki mai faranti biyu, irin na mahauta da masu tumatir, wanda wani Bafaranshe mai suna Roberval ya ƙirƙiro tsarinsa a 1669. Shi ne mafi juriya, amma gaskiyarsa tana ga duwatsun awonsa. Dutsen kilo na baƙin ƙarfe yana da rami a ƙarƙashi inda ake cusa darma a daidaita nauyinsa. Darmar na iya faɗuwa, ana kuma iya ƙwaƙule ta. Tsatsa na ci, gefe na ɓarewa, faɗuwa ƙasa kullum na rage shi. In na rabin kilo ya ɓata, sai ka ga an maye gurbinsa da wani guntun ƙarfen mota ko dutsen da aka ce "daidai yake". Farantin kaya kuwa kitse da jini da ƙasa suna taruwa a ƙarƙashinsa, mai saye ya riƙa biyan kuɗinsu da farashin nama.

Mai allura, wanda ake ratayawa ko ake girkewa a tebur, da naɗaɗɗen ƙarfe yake aiki. Ƙarfen yana gajiya, musamman in ana ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma in ya gaji sai ya riƙa miƙewa fiye da kima, allura ta wuce inda ya kamata ta tsaya.

A nan akwai abin lura. Dutsen da ya cinye ya yi sauƙi, ke nan mai saye ne ke samun ƙasa da kilo. Farantin da ya yi datti, mai saye ne ke biya. Ƙarfen da ya saki yana nuna fiye da abin da ke kai, nan ma mai saye. Lalacewar sikelin mai sayarwa kusan kullum gefen aljihunsa take karkata, don haka ba abin da ke gaggauta shi zuwa wurin mai gyara. Shi kuwa wanda ke sayen amfanin gona da sikeli, ranar da nasa ya fara nuna fiye da gaskiya, kafin la'asar ya gane, kafin gobe an gyara. In kuma ƙasa da gaskiya yake nunawa, sai ya shekara a haka. Sakaci ne, ba sata ba, amma sakaci ne da ya san hanyar gidansu.

Sikelin lantarki, mai nuna lamba da jan haske ko kore, shi ne ya cika kasuwa a 'yan shekarun nan, yana da araha, kuma mutane sun ba shi amanar da bai roƙa ba. "Kilo ba ya ƙarya," in ji masu shi. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe da ke lanƙwasa kaɗan in an ɗora kaya, na'ura ta juya lanƙwasar zuwa lamba. Ƙa'idar duniya ta irin waɗannan sikeli, wadda ƙungiyar OIML mai mazauni a Paris ta tsara, ta ɗauka za su yi aiki ne tsakanin digiri 10 ƙasa da sifili zuwa digiri 40, sai fa in maƙerin ya rubuta wani abu daban. Duk wanda ya yi watan Afrilu ko Mayu a Yamai ya san digiri 40 a inuwa ba labari ba ne, balle a kan tebur ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana. Ƙara da ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, da batirin da ya yi sanyi saboda an ɗauke wuta ba a yi caji ba, da ƙasar da ba ta daidaita ba, da ɗan dako da ke jefo buhu daga kafaɗa maimakon ya sauke shi. Bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya canza halin ƙarfen har abada, lambar kuma za ta ci gaba da fitowa tsaf, har da ɗigo da giram, ba alamar ciwo.

Har inda aka saita shi yana da tasiri. Ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi ya fi yawa a kusa da ƙuryar duniya ta arewa da ta kudu, ya fi ƙaranci a kusa da tsakiyarta. Sikelin lantarki ko mai allura da aka daidaita a Faransa, in aka kawo shi Yamai ba a sake saita shi ba, zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan giram 270 a kowane kilo 100. Ga mai tumatir ba komai ba ne. Ga mai sayen tan dubu na shinkafa, tan biyu da rabi ne da ɗoriya. Sannan mafi yawan waɗannan sikeli, da 'yan maɓallai ake shiga cikinsu a sake musu saiti, a sa giram 900 ya zama kilo. Dalilin da ya sa doka a ƙasashe da yawa ke cewa a ɗaure su da hatimi ke nan.

Daga fadamar Saga zuwa teburin zinariya

Ba sai an yi nisa da Yamai ba za a ga inda wannan ke taɓa manomi. A bakin kogin Kwara, a Saga, Kirkisoye, Libore da Ndunga, akwai filayen shinkafa na ban ruwa da ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ke kula da su tare da ƙungiyoyin manoma. Sau biyu ake girbi a shekara. Gonakin ƙanana ne, da yawa ba su kai rabin hekta ba, kuma bayan kowane girbi manomi na biyan kuɗin ruwa da na taki, sau da yawa da shanshera. Wani kaso na shinkafar yana wucewa masana'antar RINI, wadda ke nan tun 1967. A kowace gaɓa ana awo: daga manomi zuwa ƙungiya, daga ƙungiya zuwa masana'anta. In sikelin ƙungiya da na masana'anta suka saɓa da kilo biyu a buhu, sai zargi ya faɗa kan ma'aji ko mai sito, a yi ta taro ana nuna yatsa, alhali mai laifin yana jingine a bango ba ya magana. Ƙungiyar manoma ba ta da jarin da ya wuce yarda da juna, kuma irin wannan giɓin shi ke fara cinye ta.

Shinkafa tana da wata matsalar kuma: ruwa. Shansherar da aka auna tana da laimar kashi 20 cikin 100, in ta bushe ta sauka zuwa 14, inda ake so don ajiya da casa, kilo 100 ya koma wajen 93. Ba wanda ya saci kilo bakwai, rana ce ta sha. Inda babu na'urar gwada laima kusa da sikeli, mai saye kan cire abin da ya ga dama "na ɗanye", manomi kuma ya rama ta hanyar kawo ta ba ta gama bushewa ba. Haka a tsarin jinginar da hatsi, wanda ya yaɗu a Nijar daga ƙarshen shekarun 1990 da taimakon FAO: manoma su ajiye amfaninsu a sito da kaka, su karɓi bashi, su fitar da bazara in farashi ya hau. In ba a auna da kyau ranar shiga ba, ranar fita rigima ce.

Albasa kuwa, wadda Nijar ke alfahari da ita har Abijan da Akara, labarinta ya fi kowanne ban haushi. Albasar Galmi da buhu ake cinikinta, ba da kilo ba, buhun kuma na mai saye ne. Sai a cika shi ya ƙoshi, a ɗora wata a sama, a ɗinka masa hula. Wanda ake kira na kilo 100 ya tashi 120 ko fiye, kuɗin kuwa na buhu ɗaya ne. An yi ƙoƙarin shigo da buhunan raga masu kilo 25 da 50, an kuma gina wuraren ciniki na musamman a yankin Tawa, irin na Tsarnawa, don a tsayar da ma'auni ɗaya. Amma albasa ba ta jira. Manomin da ke kallon kayansa na ruɓewa a rana, ga bashin man injin ban ruwa a wuyansa, ba shi ne zai tsaya gardamar girman hula ba.

Wani awon ma manomi shi ke cutar kansa da shi. Binciken da aka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, tare da INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, ya fito da dabarar sa ɗan taki kaɗan a gindin shuka: giram 6 na NPK 15-15-15, ko giram 2 na DAP, a kowane rami. A hektar gero mai rami 10,000, kilo 60 ke nan ko kilo 20. Ba mai shiga gona da sikeli, da yatsu uku ko da murfin kwalba ake ɗiba. To amma yatsun wani sun fi na wani. In shida ta zama takwas, takin ya ƙare saura rubu'in gona, kuma in ya yi yawa a jikin iri cikin ƙasa mai ƙarancin laima, ƙona shi yake yi. Da za a auna murfin sau ɗaya a shagon taki, a gaban kowa, a ce wannan shi ne, an huta.

Dabbobi a kasuwar Turaku da ido ake sayensu, dillali ya taɓa gadon baya ya ɗaga wutsiya ya faɗi kuɗi, kuma ban ga ranar da ragon layya zai hau sikeli a Yamai ba tukuna. Amma magani ba ya bin ido. Allurar ivermectin da makiyaya suka sani, mililita ɗaya ce ga kowane kilo 50 na nauyin dabba. A ƙiyasta sa mai kilo 300 a ce 200 ne, an ba shi abin da bai isa ya kashe tsutsa ba, sai dai ya koya mata jure maganin.

Inda giram ya fi tsada shi ne teburin masu sayen zinariya. Tun da aka gano ta a Jado da Cibarakaten a 2014, bayan tsofaffin ramuka irin na Komabangu a yammacin ƙasar, Yamai ta zama mahaɗar wannan ciniki kafin kaya su wuce Dubai. A 2024 giram ɗaya na tsantsar zinariya ya haura jaka 40 na sefa a kasuwar duniya. Kashi ɗaya cikin goma na giram, abin da iskar fanka kaɗai ke iya motsawa a kan ƙaramin sikeli, ya fi jaka huɗu. Ba nauyi kaɗai ake nema ba, har da daraja, kuma ita ma da sikeli ake gano ta: a auna dunƙulen a fili, a sake auna shi a nutse cikin ruwa, a raba. Tsantsar zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19.3. Dunƙule mai giram 10 ruwan da yake turewa ɗan fiye da rabin giram ne kawai, don haka kuskuren da bai kai nauyin 'yan ƙwayoyin gero ba a wannan awo na biyu ya isa ya sauke zinariyar daga darajarta zuwa ta ƙasa. Yaron da ya yi wata shida a rami cikin Sahara, a wannan ɗan lokacin ne ake yanke masa ladan wahalarsa, da sikelin mai saye, da lissafin mai saye.

Tukunyar gas mai kilo 6 ko 12.5 lamarinta mai sauƙi ne, tunda nauyin fankonta a rubuce yake a jikinta: a ɗora, a cire, a ga saura. Kusan ba mai yi. Uwargida ce kawai ke lura cewa ta wancan watan ta fi ta wannan daɗewa.

Sai manyan motoci. Nijar ba ta da teku, komai a kan taya yake zuwa, da can galibi daga Kwatano, tun rufe iyakar Benin a 2023 kuma ta Lome da Burkina Faso. Dokar ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, mai lamba 14 ta 2005, ta ƙayyade tan 11.5 ga layin taya guda, da tan 51 ga babbar tirela gaba ɗaya. Dalilin yana cikin wani gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960, wanda ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan layin taya sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkuwa wajen sau 16. Sikelin da ke bakin hanya shi ke tsakanin kwalta da wannan lissafi. In ya rage, hanya ta mutu kafin a gama biyan bashin gina ta. In ya ƙara, an ci direba tarar da bai cancanta ba, tarar kuma a kan buhun shinkafa take sauka.

Sarƙar da ta tsinke a ƙofar kasuwa

Sikeli ba ya shaidar kansa, da wani nauyin da aka yarda da shi ake gwada shi, shi ma wannan da wanda ya fi shi. Daga 1889, ƙarshen sarƙar wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne da ke kulle a Sèvres kusa da Paris, shi ne kilon duniya. Da aka lura shi da kwafinsa suna saɓawa da ɗan abin da bai kai ƙwayar yashi ba, sai ƙasashe suka yi taro a Nuwamban 2018 suka sauke shi, daga 20 ga Mayun 2019 aka jingina kilo ga wata lamba ta kimiyyar lissafin halitta da ba ta tsatsa. In uban kilo ma an tuhume shi, na mahauci a Wadata ba shi da hujjar cewa shi ya fi ƙarfin bincike.

A Nijar aikin yana hannun hukumar ANMC, mai kula da ƙa'idojin inganci da awo, wadda aka kafa a 2019, UEMOA kuma tana da tsarin bai ɗaya na awo tun 2014. Gidajen mai, manyan sikelin masana'antu da na bakin hanya ana iya lissafa su a bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma garin da ƙidayar 2012 ta ba mutum fiye da miliyan ɗaya, ya kuma ƙaru sosai tun lokacin, sikelin teburansa sun fi ƙarfin ma'aikatan ofishi guda, ko da sun kwana a kasuwa. Kuma samame na kwana ɗaya da kyamarar talabijin ba ya gyara komai: labari na riga mota isa, sikelin kirki ya hau tebur, ɗayan ya shiga ƙarƙashin buhu.

Abin da ya yi aiki a zamanin gyaɗa shi nake ganin zai yi yanzu, wato a sa ikon dubawa a hannun wanda ake auna wa. Kowace kasuwa tana da shugabanninta, mahauta suna da sarkin fawa, ma'auna hatsi suna da nasu manya, ƙungiyoyin shinkafa suna da kwamiti. Jerin duwatsun gwaji masu hatimin hukuma, daga giram 100 zuwa kilo 20, a ajiye a hannun waɗannan, ba zai kai kuɗin buhunan da mota ɗaya ke asara ba. A girke sikeli guda na kowa da kowa a ƙofar kasuwa, wanda duk mai shakka zai ɗora kayansa kyauta. A Faransa sikelin ciniki yana ɗauke da 'yar takarda kore mai nuna ranar da wa'adin bincikensa zai ƙare, wanda ya faɗi gwaji a manna masa ja, kuma mai saye da bai san komai game da ƙarfe ba ya san bambancin kore da ja. Tiya ma ana iya yi mata haka: a fitar da guda mai hatimi, a rataye ta inda kowa zai gwada tasa. Kafin nan, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in an cire nauyin gorar, kuma wannan gwajin yana hannun kowace uwargida.

Sai a horar da masu gyara, don hana mutum aiki da sikeli ba tare da nuna masa inda zai kai shi ba tura shi ne ya ɓoye. Su ma duwatsun gwajin dole su riƙa komawa hukuma lokaci-lokaci, a kuma tsayar da wanda zai biya kuɗin tun farko, kada ya zama wani sabon haraji a kan mai tebur ɗaya. Lokacin zagayen kuma ya bi kalandar gona, ba ta ofis ba: sikelin hatsi a Satumba kafin sabon gero ya shigo, na albasa a Fabrairu, na ƙungiyoyin shinkafa sau biyu, kafin girbin rani da kafin na damina.